Kwana Shida a Kan Keke Zuwa Wankan Jego

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya kai ni Ya kuma dawo da ni da ƙafafuna biyu, duk da sun yi wata guda ba su yafe mini ba.

Tun da na sauka Jega ban huta da tambaya ba. A gidan suna, a gidan gaisuwa, har a Islamiyyar matan aure, sai wata ta matso ta rage murya ta ce, "Don Allah Hauwa, wai da gaske ne kin hau keke a ƙasar Togo?" Wata ta ce ita an gaya mata har wando na sa. Binta kuwa, da muka yi shekara biyar a benci ɗaya a sakandare, cewa ta yi ba za ta yarda ba sai ta gani a rubuce, don ta san ni, ko kwata zan tsallaka sai na yi bisimilla uku. To ga shi a rubuce. Na hau keke, na sa wando, na kuma yi wani abu da ya fi waɗannan biyun nauyi.

Kun san mun daɗe a Sokode. Malam yana karantarwa a zango, ranar kasuwa ya ɗan baza littattafai da turare. Kun kuma san 'yar farina. Tun da aka yaye ta Hajiya mahaifiyar Malam ta ɗauke ta, ita ta raine ta, ita ta aurar da ita ga wani mai fataucin shanu da ke zaune a Dapango, can ƙurewar arewacin Togo dab da Burkina. Ni "'yar Hajiya" nake ce mata, ita "Yaya" take ce mini. Kunyar ɗan fari na riƙe ta yadda na tarar iyayenmu suna yi, har na ɗara: shekara ashirin ban kira sunanta ba, ban ci kwano ɗaya da ita ba, ban kalle ta ido cikin ido a gaban mutane ba. Malam ma haka. Abin da ke cikin zuciya kuwa, Allah kaɗai Ya san shi. In ta zo hutu ta tafi, zanen da ta bari a igiya nakan ɗauka in shiga ɗaki in rufe ƙofa.

Shekarar da ƙasar ta rikice kan maganar dimokuraɗiyya, ma'aikata suka shiga yajin aikin da ba a sa masa ranar ƙarewa ba. Man fetur ya zama turare. Samari suka tare hanya da itace, sojoji suka tare da ganguna. Direbobin Sokode, waɗanda da ba inda ba sa shiga, suka jingine motoci suna dara a gindin mangwaro.

Ana cikin haka, tsakanin ƙaramar Sallah da babba, wani da ya koro shanu a ƙasa ya kawo mana wasiƙa daga surukinmu. Da Faransanci mai rubuta wasiƙa ya rubuta masa, don haka sai da na kira Asana. Asana maƙwabciyata ce, 'yar ƙabilar Kotokoli, mai sayar da cuku, kullum da safe tana kan kekenta zuwa rugar Fulani. Ta yi firamare, tana jin Hausa sosai, sai dai irin Hausar zango, wadda namiji da mace duk "shi" ne. Ta karanta ta ce, "Yarinyanka cikinsa ya shiga wata tara. Ƙafa ya kumbura. Mijin ya ce yarinyan bai ce a kira kowa ba, amma kullum yana zaune bakin ƙofa yana kallon hanya."

Na ce mata, "To, Allah Ya raba lafiya," kamar labarin 'yar wani aka ba ni. Na shiga madafa na zauna gaban murhun da ba wuta.

Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, amma ba motar da za ta kawo ta. Hajiya da ta raine ta ta rasu bara. Daga Jega ba mai iya zuwa. Yarinya ita kaɗai a cikin baƙi, ba mai dafa mata ruwan wanka, ba mai dama mata kunun kanwa, ba mai kallon idonta ya gane lokaci ya yi. Malam ya yi kwana uku yana zarya a tasha. Wani direba ya ce masa, "Malam, ka yi mini addu'a kyauta, amma ko Aljanna ce a tsallaken gadar Kara, yau dai ba da motata ba."

Ran na huɗu ya dawo ya ce, "Haɗa kaya. Zan goya ki a keke."

Na haɗa: kanwa, yajin jego da na daka da hannuna, daddawa, kuka, zannuwa huɗu, da kwalbar rubutu da Malam ya wanke don sauƙin naƙuda. Aka ɗaure ƙunshi a gaba, ni a kariya a baya. Ba mu kai ƙarshen layinmu ba muka zube gaban mai koko, ni da Malam da daddawa. Muka tashi, muka sake hawa, muka sake zubewa. Malam yana kakkaɓe rawani sai ga Asana ta turo kekenta, irin na mata marar sanda a tsakiya. Ta durƙusa ta gaishe shi ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Matanka ya iya."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Malam ya dube ni.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"A ina?"

"A tsakar gida. In ka tafi makaranta."

"A tsakar gidana." Ya shafa gemu. "Shi ya sa randa ta fashe har sau biyu, kika ce akuya ce."

Na ce, "Na farkon akuya ce."

Bai yi dariya ba, amma na ga gemun yana motsi. Ya ce larura tana da hukuncinta. Sai dai sharaɗi biyu: in sa wandonsa a ƙarƙashin zane, in kuma bi bayansa, kada in wuce shi. Wandon nan sai da na naɗe ƙafafunsa sau uku, zariyar ta zagaye ni sau biyu. Asana ta ɗaure mini bakin mayafi a ƙugu don kada sarƙa ta ja, ta dafa sirdin kekenta ta ce, "Birkin baya ne mai ci. Na gaba kada ka yarda da shi."

Shingen farko na samari ne, a bakin gari, sun ɗaura ganye a ka suna busa usur. Suka ce sai an kwance kaya. Wani dogo, da alama shi ne shugaba, ya buɗe gwangwanin yaji ya ce mene ne wannan. Kafin in buɗe baki ya cusa hanci ya ja. Jama'a, yaji ne da na zuba wa citta da kimba da masoro da barkono ban tausaya ba. Atishawa ta ɗauke shi har usur ɗin ya faɗi, hawaye wani na bin wani. 'Yan'uwansa suka kwanta a kwalta don dariya, wani yana cewa, "Kai da ka ce hayaƙin 'yan sanda ba ya maka komai!" Na ba shi ruwa daga gorata, na ce ya yi haƙuri, na mai jego ne. Da ya ji haka ya ɗage itacen da kansa, yana share hanci yana cewa Allah Ya sauke ta lafiya.

Tsakar gida daban, hanya daban. A gida ban taɓa yin tafiyar da ta wuce daga rijiya zuwa ɗakin kaji ba. Kafin azahar cinyoyina sun fara magana. Ga hawan dutsen Alejo, inda aka tsaga dutse hanya ta ratsa ta tsakiyarsa. Can muka sauka muna turawa, muna wuce gawarwakin manyan motocin da suka faɗa rami tun shekarun baya. Hawa wahala ne, amma gangara ita ce fitina. Keken nan ya ɗauke ni kamar an koro shi, na manta wane birki Asana ta ce, na saki feda na kama Ayatul Kursiyyu. Na wuce Malam fuu, ina jin muryarsa a baya, "Birki! Hauwa, birki!" Sai da hanya ta miƙe keken ya gaji don kansa. Ya iso yana haki ya ce, "Ba na ce kada ki wuce ni ba?" Na ce, "Malam, ni na ji. Keken ne bai ji ba."

A Bafilo muka kwana, gidan limamin da Malam ya sani. Garin masaƙa ne, ko'ina ƙarar ƙoshiya. Kotokoli suna da gaisuwa mai tsawo: mace ta durƙusa har ƙasa, a yi ta amsa wa juna da ɗan gunaguni a maƙogwaro, ba mai gaggawar tashi. Mu a gida a rusuna a miƙe ne, su kuwa sai an zauna a cikin gaisuwar. Na durƙusa wa uwargidan liman, muka gama, ta miƙe, ni na kasa. Ƙafafu sun ƙulle. Ta ɗauka ladabi ne ya yi mini yawa, ta sake durƙusawa muka ɗora wata gaisuwar. Sai a karo na uku ta gane, ta kira mata biyu suka ɗaga ni kamar buhu. Ta gasa mini cinyoyi da ruwan zafi, ta shafe su da man kaɗe, ta ajiye mini sakwara da miyar gyaɗa da soyayyen cuku. Na ce a raina, ni da zan je yi wa wata wankan jego, ga shi ni aka fara yi wa.

Washegari da hantsi muka iso gadar Kara. Nan ne ganguna da bindigogi. Duk wanda ya fito daga Sokode a kwanakin nan kallon tuhuma ake masa. Wani soja matashi ya karɓi takardunmu ya jujjuya, ya tambayi inda za mu da 'yar Hausarsa ta kasuwa. Malam ya ce Dapango, wajen haihuwa, ya miƙa masa wasiƙar surukinmu don shaida. Sojan ya karanta, ya rufe ta da tafin hannu, ya ce, "To. Yarinyan da ke cikin takarda, yaya sunansa?"

Malam ya dube ni. Na dubi tayar keke.

"Ke, faɗa masa."

"Kai ne uba, Malam."

"Ke kika haife ta."

Sojan ya ce, "Uba bai san suna ba, uwa bai san suna ba? A ina kun samu takardan nan?" Ya kira wani suka tura kekunanmu gefe. A lokacin ana yawan kama masu kai saƙo tsakanin garuruwa, kuma wanda aka shigar bayan gangunan nan ba a san ranar fitowarsa ba. Malam ya ce a ba shi alƙalami. Ya rubuta sunan da ajami, hannunsa mai kyau, har da wasali. Sojan ya juya takardar sama da ƙasa, fuskarsa ta ƙara ɓaci, ya ce wannan wane irin rubutun asiri ne.

Sunan yana nan a kan harshena, na buɗe baki, ya ƙi fita, wallahi kamar an ce in tuɓe a kasuwa. Sai Allah Ya tuna mini na yi boko. Na karɓi biron na rubuta da manyan baƙaƙe yadda aka koya mana a aji ɗaya. Ya ɗaga hannunsa daga wasiƙar ya gwada, ya ga daidai. Ya dube ni kamar ya ga aljana.

Wani dattijon saje da ke zaune a inuwa, wanda ashe a zangon Mango ya tashi, tun ɗazu yana kallonmu yana cin goro. Sai yanzu ya yi magana. Ya ce wa yaron, "Ba su kekunansu. Hausawa ne, 'yar fari ce. Ko yanka su za ka yi ba za su faɗa ba." Ya yi masa bayani da yarensu. Matashin ya girgiza kai, ya miƙo mini wasiƙar ya ce, "Mama, ni ma ni ne na fari. Uwana in ya tsaya bakin gona ya kira sunana, duk ƙauye sai ya ji. Da ina jin kunya. Yanzu wata takwas ban ji ba."

Muka hau kekunanmu muka wuce. Amma maganar nan ta hau kariya ta zauna a bayana, ta fi kanwa nauyi.

Kwana na uku shi ne na hawan Defale, wanda ya mai da Alejo wasan yara. Tayata ta baya ta yi faci sau biyu. Malam, da ban taɓa ganin ya ɗaura ko igiyar guga ba, ya zauna bakin hanya da kwanon ruwa yana neman inda iska ke fita, rawani a gefe, yana ta fatawa da tayar. Muna ƙasaru, inda ba ruwa mu yi taimama. Da la'asar hadarin farkon damina ya taso, ya kama mu a tsakanin ƙauyuka. Ni kanwata nake ji, na cire mayafin sama na lulluɓe ƙunshin, muka ruga wani gida na zagayayyun ɗakuna a gefen hanya.

Ba Musulmi ba ne, ba kuma mai jin Hausa a cikinsu. Wata tsohuwa mai lofe a baki ta fito ta ja mu ciki. Abin da aka fara kawowa ƙwaryar burkutu ce, don a wajensu ita ce ruwan baƙo. Malam ya ɗaga hannu biyu yana godiya yana ja da baya. Na tsorata kada su ji haushi. Tsohuwar ta dubi rawanin, ta dubi carbin, ta yi wa jikokinta wata magana, aka ɗauke ƙwaryar. Can sai ga ta da zabo a hannu da wuƙa, ta miƙa wa Malam ta nuna wuyan zabon. Ta san ba ma cin yankan da ba namu ba. Ta ɗauko sabuwar tukunya da ba a taɓa ɗorawa a wuta ba ta ba ni in dafa da kaina. Da lokacin salla ya yi ta share mana wuri, ta kore kare, ta tsaya bakin ƙofa kada yara su gitta.

Da hannu muka yi hira ni da ita. Na zana ciki a jikina, na nuna arewa. Ta nuna ni, ta nuna nononta, wato 'yarki ce? A gida da sai in kau da kai. Nan kuwa ba wanda ya san ni, na gyaɗa kai. Ta ɗaga yatsu shida ta nuna kanta, ta lanƙwashe biyu ta nuna ƙasa. Da safe na ɗebar mata daddawa da kanwa, ta shinshina daddawar ta yi dariya ta nuna tata a rataye, wai ai su ma suna da ita. Har yau ina sa tsohuwar nan a addu'a, Allah Ya san sunanta.

Daga Kante zuwa Mango daji ne mai tsawo, gandun da a da ko fara ka kama a ciki sai ka yi bayani. Yanzu da doka ta yi sako-sako, sai maharba muke gamuwa da su da ƙafar gada a kafaɗa. Kwana biyu muka yi a wannan tsakanin, muna bin ayarin masu keke 'yan kasuwa don kada mu zama mu kaɗai. Mangwaro ya riƙe mu, ya yi arha har ba a sayarwa. Zuwa lokacin na daina jin cinyoyina, na koyi miƙewa tsaye a kan feda in an zo hawa, Malam kuma ya daina maganar wa ke gaba.

Mango, wadda tsofaffinmu ke kira Sansanin Mango, nan kakana yake ba mu labarin suna yada zango da jakuna a hanyar Gwanja. Na so in tsaya in kalli garin don shi. Ban samu ba. A masallacin zango bayan magariba Malam ya gamu da wani dillalin shanu da ya baro Dapango, ya ce ai matar surukinmu tun jiya da safe aka kai ta asibiti, kuma har ya taso bai ji an yi guɗa ba.

Muna sallame asuba muka hau. Rana ba ta yi tsakiya ba sarƙar keken Malam ta tsinke, ta tsinke inda ba gyara sai an sami maƙeri. Gwiwarsa ma ta kumbura tun jiya yana ɓoyewa. Muka tsaya a bakin hanya muna kallon juna. Ban taɓa zuwa ko kasuwa ba tare da izninsa ba. Ya kwance kwalbar rubutu ya sa a ƙunshina, ya ɗaure da kyau, bai dube ni ba ya ce, "Je ki. Na yafe miki sharaɗin. Ki wuce ni."

Allah Ya haɗa ni da wasu matan ƙabilar Moba su biyar, za su kasuwar Dapango, kowacce da kwandon zabi ko buhun dawa a kariya, ɗaya har da goyo. A ƙasarsu mace a kan keke ba abin kallo ba ce, kamar mace da tulu ce a wajenmu. Suka ga yadda nake taka feda ina kuka, suka sa ni a tsakiya. In an zo hawa sai mai ƙarfin cikinsu ta dafa bayana da hannu ɗaya ta tura. Ba su rabu da ni ba sai a ƙofar asibitin, ana kiran la'asar.

Surukina yana tsugune a gindin bishiya, ya ga mace ta diro daga keke da wandon maza yana leƙowa, ya sunkuyar da kai don kunya, ni ma na sunkuyar. Da yatsa ya nuna mini ɗakin.

Tana kwance, an ɗaura mata ruwa a hannu. Na ga fuskar Hajiya da tawa a haɗe, ta yi fari fat, leɓe ya bushe, ido a rufe. Ungozomar, wata ƙaƙƙarfar mace mai furfura, gumi ya jiƙe mata riga. Ta ce, "Kai wane ne?" Na ce daga gida nake. Ta ce, "Kwana biyu yana wahala, ko uhum bai ce ba. Yanzu kan yaro ya sauko, saura kaɗan, shi kuma ya saki jiki. Ya daina nishi. In bai farka ya taimake ni ba, zan rasa biyu. Muryana bai sani ba. Kira shi!"

Na matsa na ce, "Ke. Ke, tashi."

Shiru.

"'Yar Hajiya. Ga Yaya ta zo."

Ko gashin idonta bai motsa ba. Na shafa mata rubutun a fuska, na ɗiga a leɓenta, na karanta abin da na iya. Ungozomar ta daka mini tsawa, "Wane irin kira ne wannan? Ba shi da suna? Ina uwansa? A nemo mini uwansa!"

Na duba ɗakin. Ba biro, ba takarda, ba saje mai cin goro da zai yi mini bayani. Sai maganar sojan nan ta faɗo mini, uwa a bakin gona.

Na ce, "Ni ce uwarta."

Na kama fuskarta da hannu biyu, abin da ban yi ba tun tana nono, na sa bakina a kunnenta na kira sunan. Na farko a shaƙe ya fito, kamar ƙofar da ta shekara ashirin a rufe. Na biyu ya fi. Na uku kuwa, surukina ya ce har gindin bishiya ya ji.

Ta buɗe ido. Ta dube ni ta daɗe, kamar tana neman wanda ya yi maganar a bayana. Ta ce, "Yaya, ke ce kika kira ni?"

Na ce, "Ni ce. Yi nishi, don Allah, yi nishi, ina nan."

Ta damƙe hannuna har sai da zobena ya shige nama. Ungozoma tana ihu da yarenta, ni ina kiran suna ina salati, ina salati ina kiran suna. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai san hasken rana bai bar taga ba muka ji kukan jariri, namiji, mai murya kamar ladan. Ƙafafuna da suka yi kwana shida suna haƙuri suka ce sun gama, na zauna daɓas a ƙasa na yi sujada a inda nake. Ungozomar ta tsallake ni da yaro a hannu tana cewa, "Kwana biyu ina neman maganin, ashe yana kan keke."

Malam ya iso bayan magariba a kan amalanken jaki, shi da kekensa. Aka yi masa albishir, ya ce alhamdu lillahi ya fi sau goma, sannan ya tambaye ni, "Yaya ita yarinyar?" Na ce da sauƙi. Surukinmu ya buɗe baki zai ba shi labarin abin da ya ji, na harare shi, ya rufe.

Na yi kwana arba'in a Dapango. Safe da yamma ina dafa ruwa da ganyen darbejiya, ina dama kunun kanwa, yajin nan da ya kayar da shugaban samari ya yi aikinsa a farfesu. Muka koma yadda muke: ni "ke", ita "Yaya". Ita ma ga ta da ɗan fari, ta fara kau da kai in an miƙo mata shi a gaban mutane. Ni kuwa jika ba kunya tsakaninmu, angona ne, Usmanu, ina kiransa har sai maƙwabta sun ce don Allah a bar yaro ya yi barci.

Kafin mu gama, motoci sun fara ɗan motsi. Ranar komawa aka ɗora keken Asana a saman wata motar doya da za ta kudu. Na yi sallama da kowa, na fito zaure, sai na ji an riƙe bakin mayafina. Ita ce, da yaro a kafaɗa, idonta a ƙasa. Ta ce, "Ran nan ban ji sosai ba, ina cikin magagi. Ki ƙara sau ɗaya."

Na duba hagu, na duba dama. Ba kowa sai Usmanu, shi kuma bai fara kai rahoto ba. Na sunkuya kamar ina gyara masa hula, na faɗa.

To, Binta, ga shi kin gani a rubuce. Sunan dai ba zan rubuta muku ba. Soja na rubuta wa, shi ma don yana da bindiga. Maganar keke da wando ku kai ta duk inda kuka ga dama, na yafe. Amma Innarmu tana nan da ranta da kunnenta, kuma har yau ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba. Wadda duk ta kai mata wannan ƙarshen labarin, ni da ita sai a gaban Allah.